Lamba 5.8 da Jiran Wata Uku

Litinin
Na karɓo sakamakon gwajin jini. TSH 5.8, a gefe an rubuta cewa ƙa'ida daga 0.4 zuwa 4.0 ne. T4 kuwa lafiya lau. Ina shiga gida Mandawari, Umma ta ji an ambaci wuya sai ta kai hannu tana laluben maƙoƙo. Babu kumburi.

Talata
Asibitin Malam. Likitar ta zaunar da ni ta yi min bayani dalla-dalla. Wata 'yar ƙwaya a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ce ke sakin TSH don ta zaburar da ƙwayar wuya, wato tayirod. In ta wuyan ta fara sanyin jiki, sai TSH ya hau, kamar uwar gida ta ɗaga murya a hanzarta girki. Tunda T4, sinadarin da ƙwayar wuyan ke samarwa, bai ragu ba, tuwo na fitowa a kan lokaci, kiran ne kawai ya yi yawa.

"Malama, yawanci sai ya haura 10 muke fara magani, sai fa in akwai juna biyu ko ana neman haihuwa."

Ta ce zazzaɓin da na tashi daga shi kwanan baya ma kan iya ɗaga lambar, kuma mutane da yawa tasu kan koma daidai da kanta. A sake gwaji bayan wata uku, haɗe da na TPO, wanda zai nuna ko garkuwar jikina ce ke taɓa ƙwayar.

Laraba
Kasala, jin sanyi, bushewar fata. Duk ina da su. To amma a wannan hunturun wa ya rasa su a cikin birni?

Alhamis
Yau aka yi ta. Yaya ya ce a je kemis a sayo levothyroxine, maganin tayirod, a huta, maƙwabciyarmu kuma ta aiko da jiƙo. Na san ƙauna ce. A gidajenmu in an dawo daga asibiti babu ledar magani, gani ake kamar an yi asarar kuɗin mota. Sai dai ƙwayar levothyroxine in ta yi wa jiki yawa tana kawo bugun zuciya da rashin barci, a kwana a tashi ta rage ƙarfin ƙashi.

"Yaya, ka yi haƙuri, ba zan sha abin da ba a rubuta min ba." Bai ji daɗi ba.

Juma'a
Umma ta duba ledar gishirinmu, mai aidin ne. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci don yaƙar maƙoƙo. Wannan ya isa. Ƙarin aidin barkatai kan iya ruɗa ƙwayar wuyan.

Asabar
Na rubuta ranar komawa a kalanda. Da safe zan je, kuma ɗakin gwajin da na fara, don kowanne da ma'auninsa. Ƙwayar bayotin da nake sha saboda gashi zan ajiye ta kwana uku kafin nan, tana gurɓata sakamako. In kuma ciki ya samu kafin lokacin, likitar ta ce kada in jira ranar.