Jiran Kofi na Biyar

A unguwar Fagge ta birnin Kano akwai wani tela wanda shekarunsa suka haura sittin. Duk wanda ya san shi ya san abubuwa biyu game da shi, wato iya ɗinkin babbar riga da kuma son ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars. Son ƙwallo ya shige shi tun yana yaro, a zamanin da ƙungiyar Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar lig ta Nijeriya a shekarar 1978. Saboda haka da aka kafa Pillars a 1990, sai ya ga an samu magajiyar da za ta ɗaga sunan Kano, ya kuwa riƙe ta hannu biyu.

Shekara goma sha takwas ya yi yana jira kafin ƙungiyar ta ɗauki kofin lig na farko a 2008, a ƙarƙashin mai horarwa Kadiri Ikhana. Amma abin da ya fi zauna masa a rai shi ne karon da aka yi da Al Ahly ta Masar a 2009, a gasar zakarun Afirka. A lokacin Al Ahly ce ke riƙe da kofin, kuma mutane ƙalilan ne suka zaci Pillars za ta kai labari. An tashi 1-1 a gida Nijeriya, aka je Alƙahira aka tashi 2-2, sai Pillars ta wuce saboda yawan ƙwallayen da ta ci a waje. Daga nan ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta fitar da ita. Har yau idan ya zo kan wannan labari yakan tsayar da keken ɗinki, don ba ya son ƙararsa ta haɗiye masa magana.

Bayan haka sai aka shiga zamanin da yake kira na cin moriya. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 kafin ya tafi Turai. Ƙungiyar ta ɗauki kofi sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014, da 'yan wasa irin su Rabi'u Ali da Gambo Muhammad. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya zama wurin da baƙi ke shiga da fargaba, domin daga 2003 zuwa 2015 ba a doke Pillars a gida a wasan lig ba, sai da Nasarawa United ta karya wannan tarihi. Kirarin "Sai masu gida" a lokacin yana da abin da ya dogara a kai.

Sai dai duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Ko da yake ƙungiyar ta ci kofin ƙalubale a Kaduna a 2019 bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti, kofin lig bai sake dawowa ba. A 2022 ma sai ta faɗa rukuni na biyu, a kakar da aka zabge mata maki saboda hargitsi a filin wasa. Wannan ya yi wa telan ciwo ƙwarai, musamman da yake wasu daga cikin magoya baya suna da hannu a abin da ya jawo hukuncin. A ganinsa, wanda ya jefi alƙalin wasa da dutse ƙungiyarsa ya jefa.

Pillars ta dawo babban rukuni a 2023, kuma Ahmed Musa ya sake sanya rigarta a 2024. Wannan ya farfaɗo da burin dattijon, amma burin nasa mai lissafi ne. Ya san cewa nasara a gida kaɗai ba ta kawo kofi. Dole a riƙa tsinto maki a Aba da Enugu da Ibadan. Ya san cewa ɗan wasan da ba a biya shi haƙƙinsa kan lokaci ba ba zai yi gudu da zuciya ɗaya ba, kuma mai horarwar da ake canzawa kowace kaka ba zai gina komai ba. Nasarar da Remo Stars ta samu a 2025, wadda ita ce ta farko a tarihinta, ta ƙara tabbatar masa da cewa tsari da haƙuri da renon matasa suna biya.

Abin da ya fi damunsa shi ne jikokinsa. Sun haddace sunayen 'yan wasan Arsenal da Real Madrid daga gidajen kallo, amma da ƙyar su lissafa mutum uku a Pillars. Ya yi imani cewa kofi ɗaya zai iya juyo da hankalinsu gida, kamar yadda nasarar 1978 ta kama shi yana yaro. Shi ya sa a farkon kowace kaka yake bibiyar sababbin 'yan wasan da aka ɗauko, yana auna masu tsaron baya kafin masu cin ƙwallo, yana roƙon Allah ya ba shi tsawon rai ya ga kofi na biyar ya shigo Kano tare da yaran a gefensa.