Daren Da Na Kwana A Ƙarƙashin Tamfol A Dutsen Shere

A wannan fitowar ba labarin soyayya na kawo muku ba, labarin wata tafiya ce da na yi da ƙafata, wadda har yau idan na tuna sai na yi dariya, wani lokacin kuma sai gabana ya faɗi.

Mafarin abin shi ne wani littafi da nake rubutawa. A ciki akwai inda tauraruwar labarin ta ɓata a daji, ruwa ya tare ta, ta kwana a gindin bishiya. Da yayana, Yaya Sani, ya zo Kano daga Jos, sai na miƙa masa ya duba mini. Yana zuwa wurin sai ya kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Haba marubuciya," ya ce. "Yarinya ta kwana a daji cikin ruwan sama da leshi da gyale, gari ya waye kwallinta ko gogewa bai yi ba? Ke kin taɓa kwana ko a tsakar gida ana yayyafi?"

Wallahi maganar ta yi mini zafi, amma gaskiya ya faɗa. Nan take na ce to ya kai ni in gani. Umma ta ce sam, 'ya mace ba ta kwanan dutse. Sai da aka yi sati biyu ana lallashi kafin ta amince, da sharaɗin matarsa Anti Rabi za ta bi mu, kuma a samu ɗan gari wanda ya san wurin.

A watan Mayu na 2023 muka kama hanya. Muka bi ta Kura, muka karya a Kwanar Dangora, muka wuce Tudun Wada da Dajin Falgore da Saminaka. Tun daga Jengre na ji iska ta canza, don Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ita kuwa Kano ba ta kai 500 ba. Yaya ya ce duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kimanin digiri 6, shi ya sa Bakano ke neman rigar sanyi a Jos alhali a gida fanka yake nema.

Duwatsun Shere suna gabas da garin, tafiyar kilomita 10 ko makamancin haka, kuma ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. A gindinsu akwai makarantar horar da matasa ta 'yan Man O' War, ƙungiyar da aka kafa a 1951 a bakin teku kusa da garin Victoria, wanda yanzu ake kira Limbe a Kamaru. A nan Yaya ya koyi hawan dutse da ɗaurin igiya tun yana ɗan sakandare.

Daren da za mu tashi, Anti Rabi ta leƙo ɗakin da aka sauke ni, ta ga abin da na jera a kan gado: atamfa kala uku, mayafi biyu, takalmi mai tsini, madubi, man shafawa kwalba biyu, turare, filo, har da ƙaramar kula.

"Tabɗijam! Amarya, tarewa za ki yi a dutsen?"

Na ce, "Anti, kwana ɗaya ne fa."

Ta ce, "Shi ya sa na tambaya. Wa zai ɗaukar miki?"

Ta ɗauko sikelin banɗaki ta ce in hau. Kilo 50. Ta ce ƙa'idar masu hawan dutse ita ce kada kayan bayanka su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka, wato ni iyakata kilo 10. Kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, ga shi zan ɗauki lita uku. Kun ga saura kilo 7 ke nan, a ciki har da abinci da abin rufa.

Sai ta kafa mini doka: duk abin da aiki ɗaya kawai yake yi, a bar shi a gida, sai fa magani da fitila. Zane ɗaya mai kauri ya isa, shi ne abin rufa, shi ne labule, idan an naɗe shi kuma ya zama filo. Tukunya ƙarama ita ce ta dafa shayi, ita ce kwanon ci. Ta ba ni rigar sanyi ta ulu, ta ce auduga idan ta jiƙe riƙe ruwa take yi ta dinga zuƙe ɗumin jiki. Safa biyu, ɗaya ta tafiya, ɗaya busasshiya ta kwanciya. Takalmi kambas. Tocila, ashana a cikin robar magani mai murfi, ƙaramar wuƙa, da tabarmar soso mara nauyi. Abinci kuwa dabino, ƙuli-ƙuli, dambun nama, garin kwaki da suga, sai ganyen shayi. Duk abin da ba a so ya jiƙe, a saka a leda a ƙulle kafin ya shiga jaka.

Da ta fita, sai na lallaɓa na cusa littattafan rubutuna guda uku a ƙasan jakar, waɗanda na yi wata bakwai ina cikawa da biro, kuma ba ni da kwafinsu a ko'ina. Ban saka su a leda ba, don kada ƙararta ta tona ni.

Da hantsi muka haɗu da ɗan rakiyarmu, wani dattijo ɗan ƙabilar Afizere, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa. Baba Azi muke ce masa. Siriri ne, ba ya son yawan magana, kayansa duka ba su wuce adda da gora da wani tsohon bargo ba. Ya fara kai mu muka gaida mai unguwa, aka san da zuwanmu da lokacin da za mu sauko, sannan muka fara hawa.

'Yan uwa, wurin nan yana da kyau. Duwatsu ne manya-manya a ɗore a kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu, ciyawar farkon damina ta fito shar, ga ƙerana dogaye da aka shinge gonaki da su. Idan ka waiwaya sai ka hango rufin kwanon Jos yana ƙyalli, da tafkuna nan da can. Yaya ya ce da yawa daga tafkunan Filato ramukan haƙar kuza ne da aka bari tun zamanin Turawa, suna da zurfi, kada in ga ruwa ya kwanta luf in yi sha'awar shiga. Ni dai a lokacin numfashina nake nema. Kilo goman nan kafin azahar ya koma mini kamar buhun gero, na dinga yi wa Anti addu'a a zuci da ta hana ni ɗauko kula.

Wajen la'asar Baba Azi ya ce a tsaya, don ba a kafa makwanci da duhu. Ni kuwa na hango wani wuri mai farin yashi lallausa a tsakanin duwatsu biyu, babu ko tsakuwa. Na ruga na zube a kai.

"Baba, dan Allah a nan za mu kwana."

Ya girgiza kai. "'Yata, wa ya kawo yashin nan?"

Na yi shiru.

"Ruwa ne ya kawo shi. Kuma bai manta hanya ba."

Na tura baki, har na ce wa Anti a hankali tsohon nan ya cika tsoro, sama fa tas take. Ya ji ni sarai, bai tanka ba. Ya kai mu wani ɗan tudu da ke gefe, mai 'yar gangara kaɗan yadda ruwa ba zai kwanta ba. Ya ɗaga kai ya duba bishiyoyin wurin ko akwai busasshen reshe da iska za ta iya karyowa. Ya ce can saman dutse ma ba wurin kwana ba ne, saboda tsawa da iska.

Yaya ya warware tamfol biyu, ɗaya namu ni da Anti, ɗaya nasu, kowanne mita uku a tsaye mita uku a kwance. Ga yadda aka kafa namu, don na rubuta a kaina. Aka ɗaura igiya tsakanin bishiyoyi biyu daidai ƙugu, aka ja ta ta yi tauri har tana ƙara idan an taɓa. Aka yafa tamfol a kai, ya sauko gefe biyu kamar littafin da aka kife a buɗe. Baba ya sassaƙa turaku da adda, kowanne kamar taƙi ɗaya da rabi. Ya nuna mana a kafa turke a karkace, kansa yana kallon waje, don idan a miƙe yake iska na ja zai zare. Inda ƙasa ta yi tauri turke ya ƙi shiga, sai a ɗaura igiyar a jikin ƙaton dutse. Inda ramin ƙarfen gefen tamfol ya yage, Yaya ya sa 'yar tsakuwa mai santsi a ciki, ya tattare tamfol ɗin a kanta kamar ƙullin goro a bakin zane, ya zarge da igiya.

Na tambaya me ya sa gefen gabas ya sauka har ƙasa aka danne shi da duwatsu, na yamma kuwa aka ɗan ɗaga. Baba ya ce hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, ba a buɗe masa ƙofa. Sai Yaya ya ɗaura wani ɗan guntun zare a jikin igiyar tsakiya, dab da inda ta shiga ƙarƙashin tamfol, ya bar shi yana reto. Ya ce ruwan da ke bin igiya idan ya iso nan sai ya bi zaren ya ɗiga ƙasa, maimakon ya ɗigo mana a fuska. Wuta kuma nesa aka hura ta, don tartsatsi ɗaya ya isa ya huda tamfol.

Kusurwa ɗaya aka bar mini in ɗaure. Na gaji, ga haushin yashina da aka hana ni, sai na yi mata ɗaurin ɗankwali na tashi. Na ma koma can kan yashin na zauna ina kallon faɗuwar rana, na bar silifas ɗina da kofin shayina a wurin.

Muka yi magariba da isha'i, muka sha shayi da ruwan da aka tafasa sosai. Anti ta tara busasshiyar ciyawa a ƙarƙashin tabarmarmu, ta ce sanyin ƙasa ya fi na iska cin mutum. Taurari kuwa ban taɓa ganin yawansu haka ba.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare wata iska ta tashe ni. Kafin in gama salati ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ƙarar sa a kan tamfol ba ka jin maganar na kusa da kai. Can sai ji na yi fat! Kusurwata ta kwance. Tamfol ya dinga bugawa kamar zai tashi da mu, ruwa ya shigo kai tsaye kan jakata.

"Anti, littattafaina!" Na fashe da kuka.

"Bar jaka, kama igiya!" ta daka mini tsawa. "In ya yage duk mun shiga uku."

Na rarrafa na fita cikin ruwan, Anti na haska mini da tocila. Sanyi ya sa yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa. Sau biyu igiyar tana kufce mini tana zabga mini bulala a hannu. Yaya ya iso a guje, amma bai karɓa ba, sai ya danne tamfol ɗin da gwiwa ya ce in zagaya igiyar sau biyu a jikin dutse, sannan in yi ƙulli biyu a jikinta. Na yi. Ta tsaya cak.

A lokacin ne na ji wani ruri daga ƙasa, kamar babbar mota tana hawa tudu. Yaya ya juya tocila wajen. Farin yashin nan nawa babu shi, sai jan ruwa yana gudu da rassan itace, yana dukan duwatsun nan biyu. Ƙafafuna suka ɗauki rawa. Babu wanda ya ce da ni komai, ni ma ban ce ba.

Na koma ciki jiƙe sharkaf. Anti ta sa na cire rigar da ta jiƙe nan take, na saka ta ulu da busasshiyar safa, ta rungume ni a cikin zane har karkarwar ta lafa. Sannan na jawo jaka hannuna na rawa, na zura har ƙasa. Sai na ji leda. Littattafaina uku a naɗe cikin leda biyu, an ƙulle tam, ko ɗigo bai taɓa su ba.

"Kin zaci ban gan ki ba?" in ji Anti. "Kina barci na sake auna jakar, na ga ta ƙaru."

Da asuba gari ya yi wasai, hazo ya kwanta a ƙasanmu kamar auduga. Baba ya ce kowa ya zazzage takalminsa kafin ya saka, saboda kunama. Na leƙa inda na bar silifas da kofi, babu ko alamarsu. Na je na durƙusa na gaida Baba Azi, na ce ya yafe mini maganar jiya. Ya yi murmushi ya miƙo mini gorarsa in sha shayi, tunda kofina ya tafi. Muka kwance igiyoyi, muka kashe wuta da ruwa har toka ta yi sanyi, muka tsince ledojinmu tas muka sauko da su.

Ƙannena, duk wadda makarantarsu za ta kai su irin wannan fita, ga abin da zan ce mata. Kada ki je sai da izinin iyaye da rakiyar manya, da wanda ya san wurin, kuma a tambayi halin tsaron yankin kafin a tashi. Ki auna jakarki tun a gida. Ki koyi ƙulli biyu ko uku a igiyar shanya har hannunki ya saba. Idan an ba ki kusurwa ɗaya, ki ɗaure ta kamar babu sauran ukun.

Da na dawo Kano na yage shafi goma sha ɗaya na sake rubutawa. Yanzu tauraruwar tawa da zanenta take yin rumfa, tana duba inda hadari ya taso, kuma gari na wayewa fuskarta duk taɓo. Yaya Sani ya karanta bai yi dariya ba. Umma kuwa har yau ba ta san zancen yashin nan ba, sai dai idan wata a cikinku ta kai mata mujallar.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Taku har kullum.