Kwana Biyar da Ƙwarangwal na Cikin Kwamfuta

Litinin

Yau muka fara horo a kan OpenSim, manhajar da Jami'ar Stanford ta Amurka ta fitar kyauta a 2007. Malam ya buɗe ta, sai ga ƙwarangwal tsaye, jajayen zaruruwa sun bi ƙasusuwansa, kowane zare a madadin tsoka. Shekara shida ina aiki a sashen gashin ƙashi, ina danna bayan mutane ina tambayar inda ke ciwo, amma nauyin da ke sauka a can ciki ban taɓa ganinsa ba.

Talata

Mun manna wa wani ɗan ajinmu 'yan ƙwallaye masu ƙyalli a gaɓoɓi, kyamarori suka ɗauke shi yana ɗaga kwali daga ƙasa. Muka daidaita ƙwarangwal ɗin da tsawonsa da nauyinsa. Lissafin da baya yake tafiya: daga motsin da aka gani a gano ƙarfin da kowace gaɓa ta buƙata, sannan a raba shi tsakanin tsokoki.

Laraba

Darasin yau ya hana ni cin abincin rana. Tsokokin da ke miƙar da baya, tazararsu da tsakiyar ƙashin baya wajen santimita 5 ce kawai. Idan mutum ya riƙe kilo 10 nesa da ƙugunsa da rabin mita, sai sun ja kwatankwacin kilo 100, ban da nauyin ƙirji da kai. Duk wannan a kan faifan guringuntsin da ke ƙasan ƙugu yake sauka. Baffa ne ya faɗo mini a rai. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana dako a kasuwar Dawanau, yanzu a zaune yake salla.

Alhamis

Hukumar NIOSH ta Amurka ta sa iyakar matsi a wannan faifai a Newton 3,400, kuma ko komai ya daidaita, nauyin da ma'auninta ya yarda a ɗaga bai wuce kilo 23 ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma tun 1967 ta ba da shawarar kada baligi namiji ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55. Na ɗora wa ƙwarangwal buhu mai kilo 100, irin na hatsinmu, lambar matsin ta haura iyaka nesa ba kusa ba. Na ɗaga buhun kan dakali daidai ƙugu, na matso da shi jiki, ta sauko sosai. Ashe gyaran wurin aiki ya fi yi wa ɗan dako wa'azin yadda zai sunkuya.

Juma'a

Bayan masallaci na kai wa Baffa hotunan. Ya daɗe yana kallon jajayen zaruruwan.

"Baffa, kun ga abin da ya cinye muku baya."

Ya girgiza kai. "Ɗana, mutuminka a tsaye yake wuri ɗaya. Mu da buhu a wuya muke hawa katako zuwa saman mota, katakon na lilo, mu murɗa jiki mu sauke. A wajen murɗawar nan na ji abu ya tsinke."

Gaskiyarsa, sam ban sa wannan a lissafina ba. Na rubuta tsawon katakon da gangarensa yadda ya kwatanta mini. Ranar Litinin zan hau da ƙwarangwal kan katakon, in ya so abin da ya fito in kai wa shugabannin 'yan dako da masu sito.