Ƙaurin Roba a Hanyar Kintampo

Na fi shekara 20 ina bin hanyar Kumasi zuwa Tamale da kayan atamfa. In ka wuce Techiman, motar dare sai ta yi tsit, kowa ya jingina kai. A wannan yankin, kusa da Kintampo, a watan Maris 2019 manyan motoci biyu suka yi karo, ɗaya ta kama wuta, sama da mutum 50 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Tun daga nan ba na iya barci a wurin.

Wata tafiya ina zaune baya, sai na ji ƙaurin roba. Na kalli maƙwabcina, shi ma ya ji, amma ya ce, "Alhaji, bari kawai, kar a ce mun cika tsoro." Wallahi na kusa yin shiru. Sai na tuna waɗancan bayin Allah, na miƙe na ɗaga murya: "Direba, tsaya! Akwai ƙauri!" Ya yi ta mita, amma ya tsaya.

Ashe birkin baya ne ya riƙe, ƙarfen ya yi zafi har taya ta fara hayaƙi. Yaron mota ya ɗauko abin kashe gobara, ya matsa, babu komai a ciki. Da ƙasa da ruwan leda muka kashe ta. Da aka buɗe wurin kaya, ga jarkar fetur cikin buhu, dab da tayar. Ta ɗan'uwanmu ɗan kasuwa ce, ya ɓoye don kar a caje shi.

Abin da ya fi damuna ke nan. Muna zagin direbobi, alhali mu ma muna loda wutar da hannunmu: fetur, tukunyar gas, batura.

Yanzu kafin in biya kuɗin mota sai na duba ƙofar gaggawa, ko an tushe ta da buhuna. In ka ji ƙauri, yi magana nan take. In wuta ta tashi, bar kayan, fitar da yara da tsofaffi, ku yi nisa, sannan a kira 'yan kwana-kwana: 192 ko 112 a Ghana, 18 a Nijar, 118 a Kamaru. Faɗi garin da kuka wuce na ƙarshe.

Atamfa ana sake sarowa a Kejetia. Rai kuwa ba shi da kasuwa.