Darussan da Na Koya a Zaman Masoyan Abubakar Imam

Mu bakwai ne, yawancinmu malaman makaranta a Ribah, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Danko-Wasagu. Duk Asabar da yamma mukan shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro mu buɗe Magana Jari Ce. Akwai Bahaushe a cikinmu, akwai Badakkare, akwai Musulmi, akwai Kirista. Son Alhaji Abubakar Imam ne ya haɗa mu.

Da farko zaman namu gasar sani ce. Wannan ya ce a Kagara aka haife shi a 1911, wancan ya ce a Kwalejin Katsina ya yi karatu. Ni kuma in ɗora da cewa gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ce ta haifi Ruwan Bagaja, kuma da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Imam ne editanta na Hausa.

Wata rana wani dattijo, tsohon hedimasta, ya zauna yana saurarenmu har muka gama. Sai ya ce, "Malamai, duk wannan ilimi, wa ya taɓa karanta wa ɗansa labari ko ɗaya?" Muka yi tsit. Da na koma gida na tambayi 'yata mai shekara tara. Ta san bangon Magana Jari Ce sarai, amma ba ta san akun da ke cikin littafin ba, balle Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja. Ban yi barcin kirki ba a daren nan.

Darasi na farko ke nan: marubuci yana rayuwa ne a kunnen yaro. Asabar ta gaba kowa ya zo da 'ya'yansa. Muka rage musu, muka ƙara karatu da murya.

Na biyu, ƙauna ba ta hana faɗin gaskiya. Da can nakan fusata in an ce Imam ya ɗebo wasu labaransa daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai. Da na zauna na gwada su, sai na ga inda gwanintar take: ya ɗinka wa baƙin labarai riga da hula har suka zama 'yan gida. Girmansa ƙaruwa ya yi a idona.

Na uku shi ya fi taɓa ni. Abokinmu Badakkare, wanda ya fi mu duka iya karanta Hausa da daɗi, ya ce, "Imam ya je nesa ya ɗebo. Mu namu na bakin ƙofa, muna kallo yana tafiya da tsofaffi." Tun daga nan muka sayi littattafan rubutu. Kowa yakan je wurin tsofaffin unguwarsu ya rubuta tatsuniyoyi, da labaran noman golmo, da na bikin Uhola, cikin C'lela, harshen Dakarkari, da Hausa. Wata tsohuwa da na rubuta labarai huɗu daga bakinta ta rasu kafin damina ta zagayo. Allah ya jiƙanta. Jikokinta a wurina suke zuwa jin su.

Imam ya rasu a 1981, babu wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu. Amma yanzu in an shimfiɗa tabarma, 'yata ce ke buɗe zaman da labarin aku, ta rufe da na tsohuwar nan.