Daren da Fitila ta Mutu a Zungeru

Hausawa kan ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ban fahimci wannan karin magana sosai a aji ba, sai a gindin wata babbar mota a garin Zungeru.

A hutun ƙarshen shekarar 2019 na bi kawuna a matsayin yaron mota. Mun yi lodin doya a Minna za mu Sakkwato ta Tegina da Kontagora. Bayan sallar isha'i, muna dab da gadar Kogin Kaduna, sai motar ta faɗa rami, nan take fitilun gaba suka ɗauke. Duhu ya rufe mu, ga kaya, ga gangara. Da ƙyar Kawu ya samu ya tsaya a gefen titi.

Ya buɗe akwatin fis, ya tarar guda ya ƙone. Ya canza, muka tashi. Ko kilomita ɗaya ba mu yi ba ya sake ƙonewa. Da na uku ya bi sahu, sai na ce, "Kawu, mu ɗaura waya a wurin mana, kamar yadda wasu direbobi ke yi." Ya harare ni ya ce, "Ɗana, kana so mu gasa doyar mutane da motar mutane?" A nan muka kwana, sauro na ta shagali.

Da gari ya waye muka samo wani dattijo mai gyaran wayarin mota. Shi ya wayar mini da kai. Ya ce babbar mota irin tamu batir biyu gare ta, kowane bolt 12, a haɗe su ba da 24. Ƙwan fitila mai wat 70 kusan amfiya 3 yake ja, biyu kuwa kusan 6, don haka fis mai lamba 10 ya ishe su. In ya ƙone, ba laifinsa ba ne, wata waya ce ta saɓule tana taɓa ƙarfen mota, wuta ta sami gajeriyar hanya. Wanda ya ɗaura waya a madadinsa ya kori mai gadi ne, ya bar ɓarawo a ɗaka.

Daga nan ya cire ƙwayayen fitilun biyu, ya haɗa ƙaramin ƙwan gwaji a gurbin fis, ya kunna makunni. Ƙwan bai kama ba. Ya ce, "Yaro, zuba masa ido." Ya shiga ƙarƙashin mota yana girgiza wayoyi kaɗan-kaɗan, tun daga akwatin fis har zuwa gaba. Can sai ƙwan ya haska, na yi ihu. Ashe robar da ke kare wayoyi a wani rami na jikin shasi ce ta cinye, ƙarfe ya goge bayan waya har jan ƙarfenta ya fito. Shi ya sa sai mun faɗa rami take taɓawa. Ya yanke wurin, ya haɗa, ya naɗe da salatif, ya sa sabuwar roba.

Ni da Gbagyi ne harshen da na tashi da shi, na tsaya ina sauraron Hausar bakin dattijon nan: fis, batir, wayarin, shasi. Duk aro ne daga Turanci, amma harshe ya lanƙwasa su har sun zama 'yan gida. A garin da Turawa suka kafa hedikwatar Arewa a 1902, ga kalmominsu suna aiki a bakin wanda bai taɓa shiga aji ba.

'Yan'uwana ɗalibai, darasi biyu na ɗauko. Na farko, in abu ya yi ta lalacewa, a nemi sanadi, a daina ɗora wa fis laifi. Na biyu, Hausa ba a littafi kaɗai take ba. Mu riƙa leƙa gareji da tasha da ɗan littafin rubutu a aljihu. Allah ya sa mu dace, amin.