Allon laftof ɗinka shi ne idonka na biyu

Tun da aka san ni da rataya kyamara a makarantar nan, tambayoyi biyu ne ba sa barina in huta: "Wace laftof zan saya?" da kuma "Da wace manhaja kake gyara hotunanka?" Masu tambayar galibi ba 'ya'yan masu hali ba ne. Wani ɗan abin da ya tara lokacin SIWES ne a hannunsa, wata adashi ta ɗauka, wani kuma mahaifiyarsa ce ta sayar da tumakinta don ya samu sana'ar da zai riƙe kansa kafin ya gama HND. Irin wannan kuɗi sau ɗaya ake kashe shi, in ya tafi ya tafi ke nan. Shi ya sa na ga gara in zauna in ba da amsar a tsanake, maimakon wadda nake bayarwa a tsaitsaye a ƙofar ɗakin lakca.

Amsata a dunƙule ita ce: kafin ka tambayi sunan kamfani, kafin ka tambayi ƙarfin inji, fara duba allon. Na san ba haka ake ciniki a kasuwa ba. Ko a titin Beirut na Kano ne, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, abin da mai shago zai fara jefo maka shi ne "Core i7 ce fa, ga RAM, ga kibod mai wuta." Da wuya ka ji ya ambaci launi. Amma mu masu hoto launi muke sayarwa. Aikin da ke kawo mana kuɗi sananne ne: ranar rantsar da sababbin ɗalibai, ranar da 'yan ajin ƙarshe ke rubuce-rubuce a fararen riguna, bikin yaye ɗalibai, sai kamu da dina idan Allah ya kawo. A duk waɗannan, mai aiki zai iya yafe maka jinkirin kwana biyu. Abin da ba zai yafe ba shi ne ka sauya masa kalar fata, ko ka mayar da ankon da ƙawayen amarya suka sha wahala suka haɗa ya koma wani launi daban.

Na ga haka ta faru da wani abokin karatuna. Laftof ɗinsa ta fi tawa tsada nesa ba kusa ba, irin ta 'yan wasan gem ɗin nan mai fanka biyu. Ya ɗauki hotunan kamu, ankon ruwan goro ne mai duhu. A allonsa launin ya fito masa a koɗe, sai ya yi ta ƙara masa ƙarfi har ya yi daidai a idonsa. Da hotunan suka isa wayoyin ƙawaye, atamfar ta koma ja zur kamar tattasai, fuskoki kuma kamar an shafa musu manja. Yaron ya iya aikinsa, allon ne ya yi masa ƙarya. Ragowar kuɗinsa dai har yau ana ta "za a turo".

Ga abin da ke faruwa. Akwai ma'aunin launi da ake kira sRGB, wanda HP da Microsoft suka fito da shi a 1996, kuma da shi intanet da yawancin wuraren wanke hoto suke aiki. Allon da ya dace da mai hoto shi ne wanda ke iya nuna kusan kashi 100 na wannan ma'auni. Laftof masu araha da yawa, har da wasu na ofis masu ƙwari irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook, suna zuwa da allon da aka rubuta wa "45% NTSC" a takardar bayaninsa. Wannan bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na sRGB ba. Wanda aka rubuta wa "72% NTSC" shi ne ya yi kusa da cikakken sRGB. Kuma samfuri ɗaya kan zo da allo iri-iri, don haka sunan laftof kaɗai ba ya wadatarwa, sai ka nemi cikakkiyar lambarta ka bincika.

Sannan akwai nau'in allon kansa. Tsohon nau'i, TN, da ka ɗan karkata shi gaba ko baya sai launi ya juye, fari ya yi toka, baƙi ya yi fari-fari. Nau'in IPS kuwa launinsa na nan daram ko ta gefe ka kalla. Wannan gwaji ba ya buƙatar ilimin injiniya, gani ya kori ji. Ni idan na raka mutum kasuwa, da filas nake zuwa, a ciki akwai hoton wani wanda na san kalar fatarsa sarai, da shafi fari fat, da baƙi ƙirin, da ja, da kore, da shuɗi. Shafukan suna tona asirin tabo da matattun ɗigo, hoton kuma ina gwada shi da yadda yake a waya mai kyau. Kada ka karɓi allon 1366 x 768, nemi 1920 x 1080 ko sama. Idan ka koma gida kuma, rage hasken allon zuwa wajen rabi lokacin aiki. Wanda ke gyara hoto da allo a ƙure, in ya je wanki sai hoton ya fito masa da duhu, ya hau faɗa da mai injin a banza.

Bayan allo sai kayan ciki, kuma a nan ma akwai tarko. "Core i7" suna ne kawai, tsara ita ce magana. Lambar farko bayan ɗan layin ita ke nuna tsarar a irin waɗannan samfura. Ɗauki i7-4600U: ƙwaƙwalwar aiki biyu gare shi. Shi kuwa i5-8250U huɗu gare shi, kuma zai bar wancan a baya wajen fitar da hotuna. Ga wani dalilin kuma: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance daga tsara ta 8 ta Intel take farawa. To don me za ka zuba kuɗinka a abin da aka riga aka juya wa baya? RAM kuwa, 8GB za ta yi aiki da haƙuri, 16GB ita ce kwanciyar hankali. Tambayi ko ana iya ƙara ta daga baya, don a wasu laftof an like ta a jikin allon injin. Ma'ajiya kuma lallai ta zama SSD. Tsohon faifai mai juyawa zai sa ka tsufa kana jiran hoto ya buɗe.

Yi wannan lissafin ma. Hoton RAW ɗaya daga kyamara mai megafiksel 24 yakan kai wajen 25MB zuwa 30MB. Biki ɗaya mai hotuna 500 ya tasam ma 15GB ke nan. Ma'ajiyar 256GB ba za ta ɗauki biki ashirin ba, tunda Windows da manhajoji ma sun ci nasu wurin. Saboda haka tun a kasafin farko ka ware kuɗin ma'ajiyar waje. Ni ba na goge katin kyamara sai hotunan sun zauna a wuri biyu. Ba a sake ɗaura aure don mai hoto ya yi ɓari.

Sai batun da masu sharhin laftof na Turai ba su damu da shi ba: wuta. Mu a hostal mun san yadda ake rububin soket idan an kawo NEPA. Laftof ɗin gem tana da ƙarfi, amma batirinta ba ya jimawa, cajarta kamar bulo, ga zafi, ga fanka mai zuƙar ƙurar hunturu. Idan ta hannu za ka saya, buɗe wurin rubuta umarni na Windows ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai nuna maka ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa yanzu. Tabbatar kuma babu kalmar sirri a BIOS, kuma ba a ɗaure ta da asusun wani kamfani ba. MacBook Air mai M1, wadda Apple ta fitar a ƙarshen 2020, tana da allo mai kyau da batir mai juriya, ba ta da fanka ma sam. Sai dai ba a ƙara mata RAM, gyaranta da tsada, kuma idan tsohon mai ita bai cire asusunsa na iCloud ba, ka sayi faranti ne kawai. A sa mai shago ya goge ta ya kunna a gabanka kafin ka miƙa ko sisi.

Yanzu manhaja. Mutane na cewa "Photoshop" kamar yadda ake ce wa kowane garin wanki Omo, alhali aikin kashi biyu ne. Akwai manhajojin da aka yi don tarin hotuna: ka zaɓa, ka daidaita haske da launi a ɗaya, ka yaɗa gyaran a kan ɗari. Nan ne gidan Lightroom da Capture One da darktable da RawTherapee. Akwai kuma na zama a kan hoto ɗaya, cire ƙurji, sauya bango, haɗa fasta: Photoshop, GIMP, Affinity, da Photopea da ke aiki a cikin burauza. Kashi mafi yawa na aikin mai hoton biki na rukunin farko ne. Wanda ya zauna yana buɗe hotuna 500 ɗaya bayan ɗaya a Photoshop, wallahi jarrabawa za ta same shi bai gama ba.

Amfanin rukunin farko yana fitowa ne idan kana ɗauka da RAW. Hoton JPEG matakin haske 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW mai bit 14 kuwa 16,384. Ka tuna ango baƙi cikin farar shadda, an fito daga ɗaurin aure rana tsaka. A JPEG ko dai fuska ta nutse cikin duhu, ko aikin wuyan rigar ya ƙone ya zama fari fat. A RAW sau da yawa kana iya ceto duka biyun.

Matsalar Adobe a wurinmu kuɗi ce. Tun 2013 kamfanin ya bar fitar da sabon Photoshop na sayen dindindin ya koma haya, kuma kowa ya san abin da ya samu naira a gaban dala tun 2023. Mai niyyar biya ya karanta sharuɗɗa da kyau, don tsarin da ake biya wata-wata sau da yawa yarjejeniyar shekara ce, fita kafin lokaci kuma da tara. Na san abin da za ka ce: ai mai shago zai saka maka "kirak" kyauta. To, ka lura da abin da ake fara cewa ka yi kafin a saka ta: kashe manhajar tsaro. Ka buɗe ƙofa ke nan ga wanda ba ka sani ba, a kwamfutar da kake shiga asusun bankinka, wadda kuma ke ɗauke da hotunan matan mutane. Akwai hotunan da amarya ke ɗauka ba mayafi, don ita da mijinta kaɗai. Wannan amana ce, kuma ranar da ɗaya ya fita, ba sana'arka kaɗai za ta mutu ba. Banda haka ma, mu da muke jin zafi idan aka yanke sunanmu daga hoto aka yaɗa, bai kamata mu gina sana'a a kan haƙƙin wasu ba.

Hanyoyin halal suna nan, kuma ba na wasa ba ne. Ni da darktable nake yawancin aikina, in ƙarasa da GIMP, dukansu kyauta. Ba zan ɓoye maka ba, darktable tana da wuyar sabo, makon farko sai ka ji kamar ka shiga ɗakin matuƙin jirgi. Mai son sauƙi ya fara da manhajar kamfanin kyamararsa: Canon na da Digital Photo Professional, Nikon na da NX Studio, Sony na da Imaging Edge, duk kyauta, kuma suna fitar da launi irin wanda ka gani a bayan kyamara. Affinity ma, bayan Canva ta saye ta a 2024, an mayar da ita kyauta a ƙarshen 2025. Gaskiya ne in kana neman aiki a babban situdiyo ko gidan jarida za a tambaye ka Photoshop da Lightroom. Amma wanda ya fahimci haske da launi da lanƙwasar haske a manhaja ɗaya, komawa wata sauyin wurin maɓalli ne kawai. Idan sana'a ta fara ciyar da kanta, sai ta biya hayar da kanta.

Abu ɗaya ya rage da babu manhajar da za ta yanke maka hukunci a kansa: "Mai hoto, a ɗan haska ni fa." Dukanmu mun ji wannan. Tsawon shekaru, katin da Kodak ke raba wa masu wanke hoto don daidaita launi, wanda ake kira katin Shirley, hoton Baturiya ne a jikinsa, wato da farar fata ake auna daidai. Yawancin shiryayyun launukan da ake saukewa a intanet ma ba da fatarmu aka gwada su ba, shi ya sa suke mayar da mu toka-toka ko ruwan lemo. Ni ina ƙara wa fuska haske ta fito, ina cire ƙurjin da zai tafi da kansa bayan mako guda, amma ina barin mutum da kalar da mahaifiyarsa za ta gane. Wannan ma sai da allo mai faɗin gaskiya yake yiwuwa.

Don haka idan kuɗinka bai kai ga komai da komai ba, jera su haka: allo, sai RAM da SSD, sai batir, sai ma'ajiyar waje, sunan kamfani a ƙarshe. Idan bai kai ga laftof mai allon kirki ba, kada ka yi gaggawa. Snapseed da Lightroom na waya za su riƙe ka simista ɗaya ko biyu kana tarawa, kuma allon waya mai kyau ya fi na laftof mai arha gaskiya. In za ka tura wa mai aiki hoto ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda don kada a matse shi. Ranar zuwa kasuwa kuma ka tafi da filas ɗinka da wanda ya san kan abin, ka karɓi rasit da sharaɗin mayarwa a rubuce. Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya kuma ba mu sa'ar jarrabawa.